Carole Lombard: Aikinta Ne Ya Yi Mata Suna, Ko Mutuwar Ƙuruciya?

Tambaya: "Malam, barka da warhaka. Garin neman tsoffin fina-finan Amurka na baƙi-da-fari na ci karo da My Man Godfrey. Na yi dariya kam, amma jarumar, Carole Lombard, ni dai gani na yi kamar shirme da surutu kawai take yi. Sai kuma na ga ana kiranta sarauniyar wani salon barkwanci wai shi screwball. Mene ne shi wannan salon? Kuma don Allah da gaske ta kai yadda ake zuzuta ta, ko dai don ta mutu da ƙuruciya a hatsarin jirgi ne aka ɗaga ta?"

Barka kadai, 'yata. Zarginki yana da tushe, domin duniyar fim tana da halin kai wanda ya mutu da wuri matsayin da, da ya daɗe, ba lallai ya taka ba. Sai dai a kan Lombard lissafin bai fita ba. A 1937, sama da shekara huɗu kafin rasuwarta, abin da ta samu ya haura dala 400,000, a lokacin da albashin shugaban Amurka na shekara dala 75,000 ne. Babu wata jaruma a Hollywood da ta kamo ta a wannan shekarar. Masu kamfanonin fim na wancan zamani kuwa 'yan kasuwa ne na gidi, ba sa fitar da sisi don tausayi, kuma babu wanda ya san za ta mutu. Abin da suke saye shi ne wannan da kika kira shirme. Zan yi ƙoƙarin nuna miki cewa shirmen sana'a ce, kuma sai da ta shekara goma sha uku tana fim kafin ta gano ita ce sana'arta.

Kalmar screwball daga wasan besbol aka aro ta. Wani irin jifa ne da ƙwallo ke murɗewa ta bi ta gefen da mai bugu bai zata ba. Daga nan Amurkawa suka riƙa kiran mutumin da mu za mu ce notinsa ya ɗan kwance da wannan suna, sannan a tsakiyar shekarun 1930 aka liƙa wa wasu fina-finai. Tsarinsu ba wuya. Mace da namiji suna son juna, amma daga farkon fim har ƙarshe faɗa suke yi. Yawanci ɗaya ɗan masu kuɗi ne ɗayan kuma faƙiri. Macen ce ke jan ragama, namijin yana ƙoƙarin kare mutuncinsa tana yi masa fata-fata da shi. Magana kuma tana fita kamar ana suyar gugguru. In kina son ki kama abin da wuri, tuno wasan taubasai: baƙar magana ce ke tashi, amma kowa a wurin ya san ƙauna ce ke magana, kuma ranar da ɗaya ya daina tsokanar ɗan'uwansa ranar za a tambaya ko lafiya.

Abubuwa uku suka haɗu suka haifi salon. Sauti ya shigo fim a ƙarshen shekarun 1920, sai kamfanoni suka kwaso marubutan jarida da na dandamali daga New York da Shikago, irin su Ben Hecht, mutanen da bakinsu ya fi reza. Ga kuma karayar tattalin arziki da ta biyo bayan 1929, wadda zuwa 1933 ta bar kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba aiki. Wanda ya kwana da yunwa yana jin daɗin biyan 'yan sulallansa ya ga an mai da attajirai wawaye. Na ukun shi ne dokar tace fina-finai da ake kira dokar Hays, wadda aka rubuta a 1930 amma ba a ɗaure mata gindi ba sai a watan Yulin 1934, ƙarƙashin wani mutum mai tsauri, Joseph Breen. Daga lokacin babu doguwar sumba, babu maganar batsa, ko ma'aurata a gado biyu ake nuna su. Wanda ya san yadda masu fim a Kano ke nuna soyayya ba tare da jarumi ya taɓa jaruma ba, ya san abin da takura ke sa mai fasaha ya ƙirƙiro. Su na Hollywood sai suka juye zafin sha'awa cikin cacar baki da kokawa da faɗuwa cikin ruwa. Amma kada ki yarda da masu cewa dokar ita kaɗai ta haifi salon. Fina-finai biyun da ake ƙirga su a matsayin mafari, It Happened One Night na Frank Capra da Twentieth Century na Howard Hawks, duk sun fito a farkon 1934, kafin Breen ya zare bulalarsa.

Ita kuwa sunanta na yanka Jane Alice Peters. An haife ta ranar 6 ga Oktoba, 1908, a Fort Wayne ta jihar Indiana, gidan masu rufin asiri. Auren iyayenta ya lalace tana 'yar shekara shida, uwar ta kwashe ta da yayyenta maza biyu suka koma Los Angeles. A tsakanin maza ta tashi, da guje-guje da dambe da ƙwallo. Tana shekara 12 darakta Allan Dwan ya gan ta tana buga besbol da yaran unguwa, ya ba ta ƙaramin rol a A Perfect Crime na 1921. Tana 16 kamfanin Fox ya ɗauke ta, a nan ta samu sunan Lombard, aka riƙa sa ta a fina-finan kaboyi tana tsaye tana jira a cece ta. Bayan shekara guda suka sallame ta.

Abubuwa biyu suka same ta kafin ta kai ashirin, kuma a ganina su ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Ta yi hatsarin mota, gilashin gaba ya tsaga mata kuncin hagu. An ɗinke ta ba tare da allurar kashe zafi ba, don likitocin lokacin suna ganin allurar na sa tabo ya yi muni. Tabon ya zauna, ko da yake ya dushe. Yarinyar da jarinta fuska ce, ga fuskar ta samu tangarɗa, sai ta zauna ta koyi abin da yawancin jarumai ba su damu da shi ba: daga ina fitila ke zuwa, wane kusurwar kyamara ke ɓoye me, wace hoda ke yin me. Har ƙarshen rayuwarta ma'aikatan fitila da masu ɗaukar hoto suna lissafa ta cikin 'yan gida, kuma ta fi son mai kyamara Ted Tetzlaff don ya san fuskarta.

Na biyun, ta shiga kamfanin Mack Sennett daga 1927 zuwa 1929, ta yi gajerun fina-finai fiye da goma. Sennett shi ne uban barkwancin faɗi-tashi na zamanin fim marar sauti: a watsa wa mutum kek a fuska, a bi shi da gudu, ya zame ya faɗa kududdufi. 'Yan matan da yake ɗauka don ado ne, su sa kayan wanka su yi layi. Aiki ne da ake rainawa. Amma a nan ta koyi abin da ba a koyarwa da baki, wato lokaci. Daƙiƙa nawa za ki jira bayan an mare ki kafin ki juyo? Yaushe ido zai buɗe? In kika riga da rabin daƙiƙa dariya ta mutu, in kika makara ta mutu. Sauran jaruman salon, Claudette Colbert da Katharine Hepburn da Rosalind Russell, daga dandamalin wasan kwaikwayo suka zo da iya magana. Lombard ta zo da jikin da ya san faɗuwa.

Daga 1930 kamfanin Paramount ya ɗauke ta, ya kuma ɓata mata shekara huɗu. Sun ga farar mace mai kyau, sai suka riƙa naɗe ta cikin rigunan siliki na telansu Travis Banton suna sa ta a labaran soyayya masu nauyi. Na kalli da dama cikinsu don aiki ya tilasta ni. Ba sai kin wahalar da kanki ba. Tana da kyau a ciki, kuma shi ke nan. A wannan tsakanin ta auri jarumi William Powell a 1931, wanda ya girme ta da shekara 16, suka rabu a 1933 ba tare da gaba ba. Ta kuma yi No Man of Her Own a 1932 da Clark Gable, fim ɗaya tilo da suka taɓa yi tare, kuma a lokacin babu komai tsakaninsu. Abin ban haushin shi ne duk wanda ya san ta a waje ya san wata mace daban: mai tsokana, mai shirya wa mutane tuggun wasa, mai ashar kamar kwandastan mota. Masu rubuta tarihinta sun ruwaito cewa da gangan ta sa yayyenta suka koya mata ashar ɗin, don ta riƙa kashe wa mazan masana'antar jiki in sun zo da wata manufa. Wannan macen ba ta taɓa shiga gaban kyamara ba.

Howard Hawks, wanda ɗan'uwanta ne na nesa, shi ya shigo da ita. Ya ɗauke ta a Twentieth Century ta fito tare da John Barrymore, babban gwanin dandamali na zamaninsa. Hawks ya sha ba da labarin da bakinsa. A gwajin farko ta sandare, tana "wasa" irin na Paramount, Barrymore yana yatsina fuska. Sai Hawks ya ja ta gefe ya tambaye ta, in namiji ya faɗa mata magana kaza a zahiri me za ta yi? Ta ce za ta shure shi a inda ba a faɗa. Ya ce to ai abin da Barrymore ya faɗa miki ke nan yanzu, koma ki shure shi, kuma in na sake ganin kina wasan kwaikwayo zan kore ki. Ki nemi fitowar da suke cikin ɗakin jirgin ƙasa. Tana kwance a kan kujera, ƙafafu biyu a sama tana harbin iska kamar jaririn da aka hana nono, tana ihu, shi kuma yana zagaya ta yana zuba kirari. Mace ce sanye da kayan dubban daloli, ta watsar da ajinta gaba ɗaya, kuma ko sau ɗaya ba ta saci kallon kyamara don ta tabbatar har yanzu tana da kyau ba. Fim ɗin bai yi kasuwa sosai ba, amma masu sharhi da daraktoci sun ga abin da suka gani. Tana da shekara 25.

Bayansa ta yi Hands Across the Table a 1935, inda ta fito mai gyaran farce da ta rantse sai mai kuɗi za ta aura, ta haɗu da Fred MacMurray, ɗan gidan arzikin da ya karye, shi ma yana farautar mace mai kuɗi. Sannan The Princess Comes Across, inda 'yar unguwar Brooklyn ta New York ke ƙaryar ita gimbiyar Suwidin ce, tana kwaikwayon muryar Greta Garbo, shahararriyar jaruma 'yar Suwidin. Sai kuma wanda kika kalla.

Mu tsaya a kan My Man Godfrey na 1936, tunda shi ne a hannunki. Kamfanin Universal ya yi shi, Gregory La Cava ya ba da umarni, kuma Powell, tsohon mijinta, shi ya dage sai ita. Kin tuna farkonsa. 'Ya'yan masu kuɗi suna wata gasa ta tsince-tsince, an ce kowa ya kawo abin da ba wanda ke so, cikin jerin har da mutumin da duniya ta manta da shi. Suka zo juji a bakin kogi inda marasa aiki suka kafa bukkoki. Yayar, Cornelia, ta yi wa Godfrey tayin dala biyar, ya bi ta da kallo da magana har ta faɗa kan tarin toka. Sai ƙanwar, Irene, wato Lombard, ta tsaya tana yi masa bayanin gasar. Koma ki saurari wannan bayanin. Jimla ɗaya ce doguwa, ba numfashi, tana cewa kuɗin da ya ragu sadaka ake bayarwa, in ya ragu, amma dai bai taɓa raguwa ba. A takarda wannan magana ce ta zambo, marubucin yana caccakar attajirai. Jarumar da ba ta ƙware ba za ta faɗe ta da ɗan murmushin da ke cewa mai kallo, "ka ji wautar da nake faɗa ko?" Lombard ta faɗe ta da zuciya ɗaya, idonta a kan Godfrey, kuma a tsakiyar jimlar za ki ga tunani ya ɗan gifta mata a fuska, kamar yau ne karo na farko da ta ji abin da bakinta ke faɗa. Daga nan ba ta tsaya ba, ta wuce.

Wannan shi ne sirrin, kuma shi ya sa kika ɗauka shirme ne kawai: ta yi shi har kin yarda. Irene sakarai ce, 'yar gata, mai kukan ƙarya, wadda a hannun wata jarumar za ki tsane ta cikin minti goma. Lombard ba ta tsaya a gefe tana yi wa Irene dariya tare da mu ba. Ta shiga cikinta ta yarda da duk abin da ta yarda da shi. Na sha gwada ɗalibai da wannan: in ba su magana ta wauta in ce su faɗe ta ba tare da sun nuna sun san wauta ce ba. Cikin goma da ƙyar ɗaya ke iyawa. Sauran sai gira ta motsa ko baki ya ɗan karkace, don kowa yana tsoron a ɗauka shi ne wawan.

Sai fitowar wanka. Godfrey, wanda yanzu boyin gidansu ne, ya ce zai bar aiki, Irene ta zube wai ta suma. Ya saɓa ta a kafaɗa kamar buhun masara ya haura da ita sama, ya shimfiɗe ta, sai ya hango ta a madubi ta ɗago tana leƙensa. Bai ce komai ba. Ya ɗauke ta da rigar dinarta da komai ya zaunar a ƙarƙashin shawa ya sakar mata ruwan sanyi. Me za ki zata? Fushi ko kuka. Ita kuwa sai ta fito sharkaf tana tsalle tana shelar cewa Godfrey yana son ta, hujjarta kuwa ai ga shi ya saka ta a shawa. Nan makarantar Sennett ta yi rana: yadda ta saki jiki lagwas a kafaɗarsa, yadda ruwan ya sa ta zabura, tazarar da ta bari kafin murna ta fashe. Kuma nan ne za ki ga yadda aka zagaye Breen. Namiji ya ɗauki mace ya kai ta ɗakin kwana ya jiƙa ta, kuma babu abin da mai tacewa zai kama.

Ina da ƙorafi ɗaya a kan fim ɗin, kuma ba laifinta ba ne. Bayan duk zagin attajiran, sai aka bayyana cewa Godfrey ɗin ma ɗan manyan gidan Boston ne, ya yi jami'ar Harvard, baƙin cikin soyayya ne ya kai shi juji. Wato dai 'yar masu kuɗi ba ta auri talaka ba. Hollywood takan yi haushi amma ba ta cizon hannun da ke ba ta tuwo. Fim ɗin ya samu shiga takarar Oscar a rukuni shida, kuma shi ne na farko da ya shiga dukkan rukunai huɗu na 'yan wasa, amma bai ci ko ɗaya ba. Wannan ne karo ɗaya tak da aka sa sunan Lombard. Luise Rainer ce ta ɗauka a shekarar.

A 1937 ta yi Nothing Sacred, fim ɗinta ɗaya tilo mai kala, David O. Selznick ya ɗauki nauyi, William Wellman ya ba da umarni, Hecht ya rubuta. A nan ba sakarai ba ce, maƙaryaciya ce. Hazel Flagg 'yar wani ƙauye ce a Vermont da likita ya ce gubar radiyom za ta kashe ta, daga baya ya gano kuskure ya yi. Kafin labarin ya bazu sai ga ɗan jarida daga New York, Fredric March, yana neman labarin da zai sa mutane kuka su sayi jarida. Ita kuma tana son ganin birni kyauta, sai ta ja bakinta ta yi shiru. Birni ya ɗauke ta a ka. A wani gidan rawa ana karrama ta, ta sha ta bugu ta faɗi, jama'a suka hau salati a zatonsu ajali ne. Mutum zai so ya tsane ta, amma Lombard ta sa kunya da jin daɗi suna kokawa a fuskarta lokaci guda. Akwai fitowar da March ke son ta yi gumi da zazzaɓi kafin likitoci su zo, ya tsokane ta dambe har ya naushe ta ta faɗi, ita ma da ta farfaɗo ta rama ta shimfiɗe shi. Yau wannan naushin yana da nauyin kallo, ba zan ɓoye miki ba, ko da yake ta rama.

Tana sama haka sai ta yi abin da kusan duk mai ba da dariya ke yi: ta so a ɗauke ta da muhimmanci. Fools for Scandal na 1938 ya faɗi warwas, sai ta juya wa barkwanci baya. Ta bar zaman kwantiragin kamfani ɗaya ta koma cin gashin kanta, wakilinta Myron Selznick yana yi mata ciniki, har ta riƙa karɓar kaso daga ribar fim maimakon albashi zalla, abin da ba kasafai jarumai ke yi ba a lokacin. Ta yi Made for Each Other da James Stewart, da In Name Only da Cary Grant, duk a 1939, sannan Vigil in the Night a 1940 inda ta fito nas a Ingila, ba kwalliya ba dariya. Ba ta yi abin kunya a cikinsu ba, In Name Only ma ina son sa. Amma Oscar ɗin da take hari bai zo ba, masu kallo kuma ba su yi tururuwa ba. Mata goma a Hollywood za su iya yin nas mai haƙuri. Irene Bullock kuwa ita kaɗai ce.

A watan Maris na 1939 ta auri Gable a Kingman ta jihar Arizona, ana tsakiyar ɗaukar fim ɗinsa Gone with the Wind, suka tare a wata gona a Encino da kaji da dawaki. Ta dawo barkwanci da Mr. & Mrs. Smith a 1941, kuma ita ta jawo Alfred Hitchcock ya ba da umarni, mutumin da aka sani da fina-finan fargaba. An daɗe ana yawo da maganar cewa Hitchcock ya ce 'yan wasa shanu ne. Ranar fara ɗauka ya iso ya tarar ta sa an kafa ɗan shinge a wurin, da maruƙa uku a ciki, kowanne an rataya masa sunan ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan, har da nata.

Fim ɗinta na ƙarshe shi ne amsar da ta fi ƙarfi ga tambayarki. To Be or Not to Be na Ernst Lubitsch, tare da Jack Benny, labarin 'yan wasan dandamali ne a Warsaw, babban birnin Poland, da ke yaudarar sojojin Hitila. Babu tsalle, babu ihu. Maria Tura mace ce mai aji da ta san tana da kyau, mijinta kuma mai son kansa ne. Duk sanda ya fara doguwar maganar Hamlet, jarumin wasan Shakespeare, a kan dandamali, wani matashin matuƙin jirgin yaƙi sai ya miƙe daga cikin 'yan kallo ya nufi ɗakin kwalliyarta, don ita ta ce masa lokacin ne mijin ba zai iya barin dandamali ba. Ki kalli yadda take sauraron yaron yana ba ta labarin yawan bama-baman da jirginsa ke iya saki. Da ƙyar fuskarta ke motsi, murya a ƙasa, ido kawai ke aiki, kuma dariyar ta fi ta shawa zurfi. Wadda ta yi wannan tana da shekara 33 ba ta gama nuna abin da ke cikinta ba.

An gama ɗauka a Disambar 1941, watan da Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. A Janairu ta tafi jiharsu ta Indiana tallan takardun bashin yaƙi, waɗanda gwamnati ke sayar wa jama'a don tara kuɗin yaƙin. Ranar 15 ga wata a Indianapolis aka tara sama da dala miliyan biyu. Da jirgin ƙasa aka tsara komawa, ita ta matsa a hau na sama. Daren 16 ga Janairu, 1942, jirgin kamfanin TWA ya sha mai a Las Vegas, ya tashi, bayan 'yan mintuna ya daki dutsen Potosi. Mutum 22 ne a ciki, babu wanda ya fita: ita, da mahaifiyarta, da Otto Winkler jami'in yaɗa labaran Gable, da sojojin sama 15, da sauran. Bincike ya nuna matuƙan sun kauce wa hanyar da ta dace da dare, ga shi an kashe wasu fitilun nuna hanya saboda yaƙi. Fim ɗin ya fito bayan makonni, mutane ba su da zuciyar yin dariya, wasu kuma suka ga bai dace a yi wasa da mamayar Poland ba. Sai daga baya aka gane darajarsa. Gable ya shiga rundunar sojan sama a wannan shekarar, ya sake aure sau biyu bayan yaƙi, amma da ya mutu a 1960 a gefenta aka binne shi a maƙabartar Forest Lawn.

Inda zan ba ki gaskiya shi ne nan. Mutuwar ta ƙara mata wani abu. Ta hana mu ganin ta tsufa, ta hana ta yin munanan fina-finan da kusan kowace jaruma ke yi in shekaru sun ja kamfanoni sun fara juya baya. Salon kansa yana dab da ƙarewa, don yaƙi ya sa wautar attajirai ta daina ba da dariya. Labarin Gable da dutsen Potosi kuma ya ja mutanen da ba su taɓa kallon fim ɗinta ko ɗaya ba. In ma ana maganar sarauta, akwai masu ba Irene Dunne saboda The Awful Truth, ko Barbara Stanwyck saboda The Lady Eve, kuma ba zan yi faɗa da su ba. Ni dai Lombard nake ba, don sauran suna ba da dariya suna riƙe da mutuncinsu a hannu ɗaya, ita kuwa hannu biyu ta saki. Lucille Ball, wadda ta mamaye barkwancin talabijin na Amurka a shekarun 1950, ƙawarta ce kuma ba ta ɓoye cewa da Lombard take koyi ba.

My Man Godfrey da Nothing Sacred duk haƙƙin mallakarsu ya faɗi, shi ya sa suke birjik a YouTube, sai dai ki zaɓi kwafi mai kyau, don wasu sun dushe har ba a ganin ido, kuma a idon aikin yake. Ki koma kan fitowar wankan nan, ki kashe sauti gaba ɗaya, ki kalle ta sau biyu. Karo na farko ki bi Powell. Karo na biyu kada ki ɗauke ido daga kanta, tun daga inda ta zube har inda ruwan ya taɓa ta, ki ƙirga da yatsa daƙiƙa nawa ta bari kafin ta fara tsalle.